Wadda Ba Ta da Kai

A Quellón, tun gari bai waye ba,
muna tsaye a rumfar fashi,
ruwan sanyi har idon sawu,
wuƙa a dama, cokali a hagu,
kwando arba'in na bushiyar teku a gabanmu.
Ka fasa, ka kwashe harsunan nan biyar masu ruwan ɗorawa,
su ne za su hau jirgi zuwa Japan.
Sauran, juji.

Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki
ban taɓa tambayar ina kanta yake ba.

Yasna ce ta zo da tambayar,
ɗalibar nan ta Valdivia mai takalmin roba ja.
Ta roƙi guda uku masu rai,
ta kifa ɗaya a tafin hannuna.
Ta ce, duba, bakinta a ƙasa yake,
mafitar kashinta a sama.
Haƙora biyar, suna kankare dutse,
suna cinyewa, suna sake tsirowa.
Ta saka tsinken ƙarfe a hankali
ta nuna min wani zare,
siriri, ya kewaye bakin kamar zobe.
Daga zoben, jijiya biyar sun hau bangon ɓawo ta ciki
kamar yadda ɓaren lemo ke haɗuwa a sama.
Na ce, to ƙwaƙwalwar fa?
Ta yi dariya har gilashinta ya zame.
Babu, in ji ta. Ba mai ba da umarni a gidan nan.

Ta mayar da ɗaya cikin bokiti.
Sai ga 'yan ƙafafu sun fito tsakanin ƙayoyi,
ɗari bisa ɗari, kamar taliya,
ruwan teku ne ke hura su, ba jini ba.
Da su take tafiya, da su take ɗanɗano,
wai har haske suna ji.
Yasna ta gitta hannu a kan bokitin.
Inuwar na sauka, ƙayoyin suka juyo,
kowace da kanta,
ba wadda ta jira a gaya mata.

Wannan kam na sani.
Na sha ganin ɓawon da na fasa tun hantsi
yana motsa ƙaya a kan juji har la'asar,
rabin jiki, bai ji labarin mutuwarsa ba.

Ban faɗa mata zancen babana ba.
Heriberto Chiguay, shekara talatin yana nutso,
tiyon iska a baki, darma a ƙugu.
Ranar da injin ya shaƙe
ya taso da sauri, ba yadda zai yi.
Likita a Ancud ya ce kumfa ce,
ƙwaya ɗaya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba,
ta zauna masa a laka.
Kai yana nan garau, yana ba da umarni kullum.
Ƙafafu ne ba sa samun saƙo.

Da dare na sa itace a murhu,
na yaye masa bargo, na shafa man da aka ba mu.
Na ba shi labarin zoben da jijiya biyar,
da tauraron teku da ke rasa hannu ya tsiro da wani.
Ya ce, dubu nawa na ciro daga ƙasan ruwa,
ashe duk sun fi ni dabara.

Da na ga ya rufe ido
sai na ɗaga hannu tsakanin fitila da ƙafarsa,
na gitta inuwa a kan yatsun, sau ɗaya, sau biyu.

Ashe yana kallona.
Ya ce, Eduvina, ni ba bushiya ba ne.
Can kuma ya ce, sake yi mu gani.